Igwar Clarrie a Kan Rufin Gidan Majigi

Duk wanda ya taɓa kwana uku a garinmu Kalloona ya san Clarrie Hobday, don ko bai neme shi ba, shi Clarrie zai nemo shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injinan yankan rake, kuma tun da ya ajiye aiki sai ya koma gyaran abubuwan da ba su lalace ba. Shi ya gyara ƙararrawar coci har ta koma bugawa sau goma sha uku da tsakar rana. Shi ya gyara famfon filin ƙwallo, yanzu in ka murɗa shi sai fitilar banɗaki ta kama. In ka yi magana ya ce kanka ne bai kai ga fahimtar aikin ba tukuna.

To, wannan bawan Allah 'yarsa ɗaya tilo, Lorena, kuma Allah ya yi mata murya. Shekara takwas tana Sydney a sahun baya na 'yan amshin opera, wasan kwaikwayon nan da ake rerawa da waƙa, inda ko da tabarau ba ka bambance ta da labule. Sai rannan ta bugo waya tana kuka tana dariya, wai an ba ta nata wurin. Za ta fito a kashi na biyu a matsayin 'yar aiki, ta miƙa wa uwar ɗakinta wasiƙa, ta rera baiti huɗu ita kaɗai, ta fita. Duka-duka bai cika minti ɗaya ba. Kuma wasan ranar Asabar da ƙarfe ɗaya na rana shi za a watso kai tsaye zuwa ƙananan gidajen majigi irin namu, sau ɗaya tak, ba maimaici.

Gidan majigin namu tsohon ɗakin taron manoman rake ne, kujera tamanin, fanka huɗu, rufin kwano, da farantin setilait a can ƙololuwa. Matsalarsa guda ce, fararen akun nan masu tukku. Da rana ta karkata sai su zo su jeru a bakin farantin suna gwaguyar waya, hoto ya daskare. A wasan da ya wuce wani ƙaton mawaƙi ya buɗe baki zai mutu, ya tsaya a haka minti goma sha biyu, har mutane suka ƙirga haƙoransa. Maganin da aka saba shi ne Dulcie Ah Sam, shugabar kwamiti, ta fita da tsintsiya ta doddoki bututun ruwan sama, akun su tashi, ta dawo ta zauna. Shekara shida ana haka kuma ana zaune lafiya.

"Tsintsiya," in ji Clarrie a taron kwamiti ranar Talata. "'Yata za ta fito gaban duniya, ku kuna maganar tsintsiya."

"Clarrie, ba ka cikin kwamitin nan," in ji Dulcie.

"Shi ya sa abubuwa suke yadda suke. Kin san minti nawa Lorena take da shi? Ɗaya. Kafin ki nemo takalminki ki fita, yarinya ta kai wasiƙa ta koma. Ni kuwa na yi alkawari, ba mutum ɗaya a ɗakin nan da zai rasa ko ƙiftawar idonta."

"Da me?"

"Da igwa."

Dulcie ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta dube shi da kyau ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Ya riga ya je gonar mangwaron Baldev Gill ya aro igwar korar tsuntsaye, irin mai aiki da tukunyar gas, wadda in ta tashi sai ka ji ta daga ƙetaren kogi. Baldev ya ba shi ne don ya rabu da shi, amma sai da ya bi shi har mota yana cewa, "Kada ka taɓa agogonta, Clarrie. Duk minti goma take bugawa, haka aka yi ta. In ka gama ka rufe gas ɗin kawai."

"Ni za ka koya wa inji?" in ji Clarrie. "Lokacin da nake kwance injin yankan rake ina haɗa shi ido rufe, kai kana zane a ƙasa da tsinke."

Yana isa gida ya taɓa agogon. Tunaninsa shi ne, igwar da ba ta san ta yi shiru da kanta ba ai ba igwar kirki ba ce. Shi so yake ta yi ta bugawa da safe har akun su bar garin, ƙarfe ɗaya na yi ta kama bakinta, shi kuma yana zaune a sahun gaba da kwat ɗinsa. Ya duba gidan kaf, abu ɗaya ne ya san ya tsaya da kansa in ya gama aiki, tsohon injin wankin matarsa Rosina. Ya kwance agogon injin ya ɗaura wa igwar.

"Ina kan injina?" in ji Rosina da ta shigo da kwandon kaya.

"Yana yi wa 'yarki hidima."

"Clarrie, in ka ɓata wa Mama ranar nan, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

Mamar da take faɗa ita ce Nonna Assunta, surukar Clarrie, mai shekara casa'in da ɗaya. Ita ta koya wa Lorena waƙa a kicin tun tana tsayawa kan akwatin tumatir don ta kai tebur. Shekara arba'in ke nan Clarrie yana auren 'yarta, har yau "mutumin nan" take ce masa.

Ranar Juma'a da yamma ya hau da igwar kan rufin da igiya, ya girke ta kusa da farantin, ya jona tiyon gas, ya cire kan makunnin gas ɗin ya jefa a aljihun wandon aikinsa don kada wani mai karambani ya taɓa. Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya ya sake hawa ya murɗa agogon zuwa dogon wanki, na barguna, ya sauko ya toshe kunnuwa. Shiru. Ya jira minti goma, shiru. Ya duba rufin, ba aku ko ɗaya, kamar yadda ba a taɓa ganin aku a wurin da hantsi ba tun da aka kafa garin.

"Kin gani?" ya ce wa Dulcie. "Ganinta kawai suka yi suka gudu. Ko harsashi ban ɓata ba."

Kafin ƙarfe ɗaya ɗaki ya cika har da masu tsayuwa. An jera waina da biskit da ƙatuwar tukunyar shayi a baya. Clarrie ya sha baƙar kwat da taye a sama, gajeren wando da doguwar safa a ƙasa, yana bin layi-layi yana gaisawa kamar shi ya rubuta wasan. Nonna Assunta tana tsakiyar sahun gaba cikin baƙar rigarta ta zuwa jana'iza, wadda ita ce mafi kyau cikin kayanta. Aka kashe fitila, hoto ya fito tar, makaɗan Sydney suka ɗauko, Clarrie ya harɗe ƙafa.

Minti goma da farawa, wata doguwar mace tana durƙushe tana rera wani abu a hankali, ɗaki ya yi tsit har ana jin fanka. A nan ne agogon injin wankin da ke jikin igwar ya gama jiƙa barguna ya shiga wanki.

Ƙarar da ta tashi sai da kwanon rufin ya lotsa ya dawo. Ƙurar shekara hamsin ta zubo a kan mutane, wata tsaka ta faɗo cikin kofin limamin coci, karnukan gari gaba ɗaya suka ɗauka. Mutum uku suka sami kansu a ƙarƙashin kujera ba su san lokacin da suka shiga ba. Nonna Assunta kaɗai ce ko gezau.

"Yauwa," ta ce. "Sun gyara wasan. Da can ba a harbi sai ƙarshe."

"Gwaji ne," in ji Clarrie da ƙarfi don kowa ya ji. "Sau ɗaya take yi ta tabbatar da kanta."

Ta sake tabbatar da kanta bayan minti huɗu, sannan bayan wasu huɗun. Akun kuwa, da suke can bakin kogi suna harkarsu, suka ji hayaniya suka taso ganin abin da ake yi. Da ma goma ko sha biyu ke zuwa. Ranar sai da suka kai ɗari biyu, suka rufe rufin ruf, in igwar ta buga su tashi su yi ihu su dawo, da alama abin ya yi musu daɗi.

Rosina ta kasa kunne tana ƙirgawa da yatsu. Shekara ashirin tana jin wannan kiɗan a ɗakin wankinta. Ta juyo a hankali ta kama hannun kwat ɗin mijinta.

"Wannan wanki ne," ta ce. "In ta gama za ta yi ɗauraya sau biyu. Ka san abin da ke bin ɗauraya?"

"Me?"

"Matsa. Ka tuna yadda injin nan yake yi in yana matse bargo, har ya taka ya fito tsakar gida? Nan da minti arba'in."

Dulcie ta haska takardar tsarin wasan da tocila. Kashi na biyu zai fara nan da rabin awa, 'yar aiki kuma tana shigowa minti goma bayan an ɗaga labule. Gumi ya karyo wa Clarrie, ya miƙe yana gyara taye.

"Da ma na shirya zan duba ta lokacin hutu," ya ce.

Ana ba da hutu ya jingina tsani ya hau, jama'a suka fito da kofunansu suna kallonsa. Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba. Duk bugu ɗaya igwar tana ja da baya kaɗan, har ta je ta tokare sandar farantin. Ya durƙusa zai rufe gas, ya laluba aljihu, sai a lokacin ya tuna kan makunnin yana wandon aiki, wandon aiki kuma yana kwandon wankin da ba a yi ba saboda ba inji.

"Rosina, je ki gida ki ɗauko min wandona."

"Na kai wa Mama kayan ta wanke min a nata injin. Yana kan igiya ko yana cikin ruwa."

Kafin ya sami amsa igwar ta buga a gefen kunnensa. Ya yi tsalle, dunduniyarsa ta shuri tsanin, tsanin ya tafi a hankali cikin mutunci ya faɗa kan katangar maƙwabta ya rabu biyu. Sandar farantin ta ce ƙwas, farantin ya sunkuyar da kai. Daga cikin ɗaki wani ya leƙo ta taga ya ce hoto ya tafi, saura ruwan toka.

Shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai yana nan tsaye da waina a hannu. Ya ce tsaninsu yana kan mota, motar kuma tana garin gaba ana canja mata taya. Dulcie ta ce tana da tsintsiya in ana so. Ba wanda ya yi dariya sosai, don an riga an buga ƙararrawar komawa, kuma ta tagar ana hango Nonna Assunta zaune ita kaɗai tana kallon farin ƙyallen majigi, hannuwanta a kan jaka.

Clarrie ya dubi farantin, ya cire kwat, ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga da kafaɗa.

"Ku faɗa min in ya dawo," ya ce.

Dulcie ta tsaya a taga, kai a waje, ido a ciki. Baldev, wanda ya baro gonarsa da gudu tun da ya ji igwarsa tana wani irin kiɗa da bai san ta da shi ba, ya tsaya a tsakar fili yana miƙa saƙo sama.

"Ta ce hagu."

"Hagun wa?"

"Ta ce hagun mai hankali. Ɗan ɗaga. Ya yi yawa, an ga tseren dawaki. Dawo. Tsaya nan, tsaya, kada ka yi numfashi."

Hoto ya dawo daidai ana ɗaga labule. Inda ya dawo kuwa shi ne Clarrie a duƙe, gwiwa a lanƙwashe, kunci manne da bayan faranti, hannu biyu a sama, fuska tana kallon gonar rake. Kwanon ya ɗau zafin rana har yana ratsa takalmi.

"Igwar fa?" in ji Baldev. "Ta gama ɗauraya ta biyu, in ji matarka."

"Ai na yi lissafinta."

Bai yi ba, amma tiyon gas yana nan kusa. Ya miƙa ƙafar dama a hankali kamar mai gwada sanyin ruwa, ya take tiyon da dunduniya ya danne. Yanzu nauyinsa da na faranti duk a kan ƙafa ɗaya suke. Agogon injin wanki ya yi ƙas, ya shiga matsa, maƙyastun igwar ya fara ƙyas-ƙyas-ƙyas ba tsayawa, yana neman gas bai samu ba.

Da akun suka ji an daina wasa sai suka matso. Guda ya sauka a kan farantin, Clarrie ya hura masa iska ya tashi. Wani ya sauka a gadon bayansa ya fara kwance zaren rigarsa. Wani ya gano igiyar takalmin da ke danne da tiyo ya sa baki. Sannan korayen cinnakun bishiyar mangwaron da ke shafar rufin suka gano doguwar safa, suka bi ta sama a layi, suka wuce inda ta ƙare.

"Baldev," ya ce da wata siririyar murya, "saura minti nawa?"

"Biyu. Me ya sa kake rawa?"

"Ba rawa nake ba. Gyara tsayuwa nake."

"Dulcie ta ce ka daina gyarawa, matar da ke cikin hoton tana rabewa biyu."

Ya daina. Ya cije leɓe, hawaye suna zuba. Baldev ya dube shi, ya dubi taga, ya ce masa ya yi haƙuri, ya ruga ciki. Fili ya zama ba kowa. Clarrie ya rage shi kaɗai a sama, da aku ɗari biyu da gonar rake.

Kiɗan ya sauka ƙasa-ƙasa. Sai wata murya ta taso ta cikin kwanon, ta ratsa tafin ƙafarsa ta hau har ƙirji. Ba ya jin Italiyanci ko kalma ɗaya, amma ya san muryar nan tun tana kiran sa ya zo ya kashe mata gizo-gizo a banɗaki. Baiti ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta ɗaga ta riƙe, ta riƙe, ta sake a hankali. Kuka ya zo masa na gaske, ba na cinnaka ba, kuma bai motsa ko da faɗin gashi ba har sai da tafi ya ɓarke a ƙasa, mutum tamanin da ɗoriya suna buga ƙafa suna kiran sunanta.

A nan akun ya gama kwance igiyar takalmi. Ƙafar ta zame ta bar takalmin.

Ba a taɓa matse bargo irin na ranar ba. Igwar ta yi ta sakin wuta ba ƙaƙƙautawa, tana tsalle tana ja da baya a kan kwano, ta bangaje faranti ya yi ƙasa ya kife a kan fulawoyin kwamiti, ta bi gangaren rufin tana jan tukunyar gas, ta tsallake indararo ta faɗa cikin tankin ruwan sama. Ta yi wata gurnani guda a cikin ruwa, sannan ta yi shiru da kanta, kamar yadda Clarrie ya ce za ta yi.

Jama'a suka fito suna kaɗe ƙura. Saura fiye da awa guda na wasan, kuma ba mai ganinsa. Aka tsaya ana kallon Clarrie zaune a ƙololuwar rufi, takalmi ɗaya, riga a yage, yana sosa inda ba a sosawa a gaban mutane. Nonna Assunta ta fito ƙarshe a hannun Rosina.

"Nonna, ki yi haƙuri, sauran wasan ya tafi," in ji Dulcie.

"Sauran duk mutuwa za su yi, na san shi," in ji tsohuwar. Ta ɗaga kai ta kare ido da hannu. "Me mutumin nan yake yi a can sama? 'Yarsa tana waƙa shi yana wasa da tsuntsaye."

Wayar Rosina ta yi ƙara. Lorena ce daga bayan dandali, ta ce a ba ta babanta. Baldev ya ɗauko sandar tsinkar mangwaro daga motarsa, aka sa wayar cikin 'yar jakar bakinta a buɗe yadda kowa zai ji, aka miƙa sama.

"Baba," in ji Lorena tana haki. "Ka gan ni?"

Kowa a wurin ya san Clarrie, kowa kuma ya gyara tsayuwa yana jiran jin yadda zai ce shi ya fi kowa gani, daga kujerar da ta fi ta kowa. Ya dubi wayar.

"Ban gan ki ba, 'yata," ya ce. "Ina kan rufi."

"Me kake yi a kan rufi?"

"Wauta. Amma na ji ki, tun daga farko har inda kika riƙe ɗin nan. Kowa ya gan ki, har Nonna."

Ta ce ana kiran ta, za ta sake bugowa. Ya mayar da wayar cikin jakar, Baldev ya sauke sanda. Mutane suka fara sulalewa wajen shayi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsokane shi, abin da ya fi tsokanar ciwo. Rosina kaɗai ta rage a ƙasa tana kallonsa.

"Rosina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wace irin riga ta sa?"

Ta buɗe baki da niyyar faɗa masa abin da ta tanada tun ƙarfe ɗaya da minti goma, sai ta fasa. Ta jawo kujera ƙarƙashin indararo ta zauna.

"Shuɗiya," ta ce. "Da farin ƙyalle a gaba. Matso baki-baki ka ji, amma kada ka taɓa komai."